Tabon Mai a Farar Takarda

Asabar, bayan azahar

Yau ma Auta ta gwada abincina da takarda. Na zuba mata shinkafa da miyar kifi, ta yago fallen littafin makarantarta, ta ɗebi miyar da bakin cokali ta shafa a kai, ta je taga ta ɗaga wa rana. Inda miyar ta taɓa, haske na ratsa takardar. Ta dawo ta turo kwanon gabana a hankali.

"Da mai a ciki, Umma."

Na ce ina aka taɓa yin miya ba mai? Ta ce ai ta ƙoshi. Ƙoshin me, bayan tun safe baƙin shayi ne kawai a cikinta, ko madara ba ta yarda a sa ba.

A ajin kimiyya aka koya musu wannan gwajin. Da na san malamin, da na je na yi masa godiyar da ba zai manta ba. Tun kafin a haifi yarinyar nan nake girki a kicin ɗin kamfanin kwali, ƙartin maza cike da ɗaki suna lashe kwano suna neman ƙari, ba wanda ya taɓa dawo min da abinci. Sai 'yar cikina, 'yar shekara goma sha shida, ita ce yau take bincikar tukunyata. Raina ya ɓaci, na kuma ji tsoro, tsoron ya fi yawa.

Lahadi, da safe

Ta dafa kabeji a ruwa da gishiri. Ta ci tana tsaye.

Talata, da yamma

Na dawo aiki na tarar da ita a falo ta ƙudundune cikin rigar sanyin babanta, ga zafi har bango yana turiri. Na kai hannu zan taɓa goshinta, ta janye. Ba da rashin kunya ba, ita ba ta iya shi ba. Ta ce, "Umma, ki fara yin wanka, kina warin suya."

Na shiga banɗaki na shinshina hannun rigata. Gaskiyarta. Man nan ya shige min gashi, ya shige farce, sabulu ba ya fitar da shi. Babanta cewa yake ƙanshin albashi ne, a bar masa kayansa. Na sa sabulu na dirje fata har ta yi zafi, na fito, ta riga ta shige ɗakinta.

Kujerarsa tana nan inda take. Ba mai zama a kai, ba mai matsar da ita, sai mu riƙa zagaye ta in za mu kicin.

Alhamis, bayan la'asar

Yaya ta zo, yayar baban Auta. Ta shigo da sallamarta mai tsawo da jakarta mai nauyi, ta zauna tana ƙare wa falon kallo kamar mai shirin saye. Auta ta fito ta gaishe ta. Yaya ta riƙo hannunta ta juya ta.

"Iye! 'Yammatan Gwaggo an zama siririya. Haka ake so, kin ga jikin yanzu ya yi miki kyau. Ki riƙe bakinki, kar ki bi sawun ubanki."

Auta ta yi murmushi. Rabon da in ga haƙoranta har na manta. Ni kuwa na ce, "Yaya, yarinyar nan ba ta cin abinci." Ta ce, "To me ye? Da cin da ya kai wani inda ya kai shi, ai gara rashin cin." Ta faɗa tana kallon ƙofar kicin.

Na haɗiye abin da ya taso min. In na buɗe baki za a ce matar ƙani ta yi wa yayar miji fitsara tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Ban so rubuta ranar da muka kai baban Auta asibiti ba, amma tun da ta tafi take dawo min. Likita ya zana mana jijiyar zuciya a bayan wata takarda, ya cike cikinta da biro, ya ce kitse ne ya taru ya toshe hanyar jini. Da muka fito baranda Yaya ta ce, a gaban kowa, "Kitse dai ba daga sama yake faɗowa ba, daga tukunya yake fitowa." Auta na tsaye a bayana rungume da takalman babanta. Na zaci kukan da take yi ya hana ta ji. Magana zarar bunu.

Juma'a, da yamma

Ranar rabon mai. Kowace Juma'a ana juye man babban kaskon suya a zuba sabo, tsohon kuma masu girki su raba, haka muka tarar ana yi. Mai ne da ya sha wuta mako guda, ya soya kifi ya soya kaza ya soya dankali, ya yi duhu kamar shayin da aka manta a wuta. Kowa ta zo da jarkarta, an sa tsumma ana tacewa.

Doguwa, abokiyar aikina, ta ce, "Maman Auta, ina jarkarki? Ko kin yi arziki ba mu sani ba?"

Na ce na manta ta a gida. Ta ce makon jiya ma mantawa kika yi, wancan ma haka. Na ce to tsufa ne. Ta dube ni, ta fasa maganar, ta ci gaba da riƙe mazurari. Doguwa bakinta ya fi ƙafarta tsawo, amma ta san inda ake tsayawa.

Jarkar tana bayan ƙofar kicin ɗina da ragowar abin da ke ciki. Ban zubar ba, ban taɓa ba. Ba zan yi maganarta a nan ba.

Lahadi, da hantsi

Na ce ta zo in taje mata kai, ta yarda, abin ya ba ni mamaki. Ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna. Na sa matajin sau ɗaya ya fito cike da gashi. Na dunƙule shi na tura ƙarƙashin cinyata don kar ta gani. Na ɗauko man kitso, ta ce a'a. Na ce wannan ai ba ci za ki yi ba. Ta ce fata tana sha.

Ƙashin wuyanta ya fito, mutum zai iya zuba ruwa a ramin ya tsaya. Gwiwar hannunta ta yi fari fat, tana ɓarewa. Mai Kumatu babanta yake ce mata, in ya dawo aiki sai ya ja kumatun ya ce ya zo duba kayansa ko an rage. Yau na duba gefen fuskarta daga sama, babu abin ja.

Da na je share ɗakinta na ga audugar matan da na saya mata tun watannin baya, ko buɗe ledar ba a yi ba. Na zauna bakin gadonta. Na san ba abin da mutane za su fara zato ba ne. Jinin ne kawai ya ɗauke.

Laraba, bayan azahar

Na roƙi hutun rabin yini na kai ta asibiti, da ƙyar, sai da na ce ciwon kan da take yi za a duba. Likitar mace ce, ba ta fi babbar 'yata ba in da ina da ita. Ta ɗora ta a sikeli, ta duba cikin idonta, ta matsa farcenta, ta tambaye ta me ta ci jiya. Auta ta lissafa mata tana alfahari, kamar mai karanta sakamakon jarrabawa.

Likitar ta ajiye biro ta ce, "Ƙanwata, mai ba abokin gaba ba ne. Akwai bitamin da jiki ba ya iya ɗauka daga abinci sai da mai. Ki ci karas da ganye cike da kwano, in babu maiƙo tare da su, yawancin amfanin wucewa zai yi. Da kitse jiki ke haɗa sinadaran da ke kawo al'ada, shi ke riƙe miki ɗumi, ita kanta ƙwaƙwalwar da kike karatu da ita kaso mai yawa nata kitse ne."

Auta ta ce, "Amma shi ya kashe Abba."

Ban taɓa jin ta faɗa da bakinta ba sai yau. Na kafa ido a kan kalandar bango.

Likitar ta ce mai iri-iri ne. Na kifi da na gyaɗa da na zaitun da na ƙwayoyi irin su riɗi suna taimakon zuciya ma, in an ci daidai. Wanda ake cewa a rage shi ne kitsen da ke daskarewa, wanda ake cewa a guje kuma shi ne man da aka yi ta soya abu da shi ana maimaitawa har ya yi baƙi. Ta ce ciwon zuciya ba abu ɗaya ke kawo shi ba, akwai gado, akwai hawan jini, akwai zama wuri ɗaya. Daga "har ya yi baƙi" ban ƙara fahimtar sauran sosai ba, kunnena ya ɗauki ƙara.

Ta ce a fara da cokali ɗaya a abinci, a dawo bayan mako biyu, kuma tana so Auta ta ga wata likitar da ake zama a yi magana da ita. A hanya Auta ta ce, "Ni ba mahaukaciya ba ce, Umma." Na ce wa ya ce?

Alhamis, da safe

Na sa cokali ɗaya na man zaitun a gabanta. Ta tashi ta bar min teburin.

Asabar, da yamma

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, na ce ta dubi maraicinta ta dube ni. Ta yi kunnen uwar shegu. Da na ɗaga murya sai ta ce, "Umma, so kike in mutu kamar shi?" Na ce so nake ki rayu, 'yar nan. Ta ce to ki bar ni.

Ina wanke tukwane wata dabara ta faɗo min. Duk mai girki ta san mai yana da ido, in ka zuba a miya sai ya taso sama yana kallonka. Amma in ka dafa dankalin turawa ya yi luguf, ka murƙushe shi da zafinsa, ka riƙa ɗiga man kaɗan-kaɗan kana bugawa da ɗan ruwan dahuwar, shigewa yake yi ya ɓace. Ba ƙyalli, ba ido. Haka muke yi a wurin aiki in manaja ya ce ma'aikata na ƙorafin maiƙo.

Na gaya wa Doguwa a waya. Ta ce, "Anya, Maman Auta? Yarinyar nan ba jaririya ba ce da za a ɓoye mata magani a ayaba." Na ce ke 'ya'yanki suna ci, shi ya sa kike da bakin wa'azi. Ta ce Allah ya ba da sa'a. Ban ji daɗin yadda na yi mata magana ba, amma ban kira na ba ta haƙuri ba.

Lahadi, bayan azahar

Na yi. Man zaitun mai kyau, sabuwar kwalba, na ɓoye ta cikin buhun shinkafa. Ta shafa a takardarta ta ɗaga, wurin ya yi danshi kawai, dishi-dishi. Ta dube ni. Na ce, "Ruwan dahuwa ne. Dankali da gishiri, sai 'yar albasa. Ci kafin ya huce."

"Kin tabbata, Umma?"

Na ce, "Ni zan yi miki ƙarya?"

Ta ci. Ta cinye. Na shiga kicin na kunna famfo don kar ta ji ni.

Talata, da yamma

Ta ci.

Alhamis, da yamma

Ta ci, har ta kankare kwanon. Ta ce dankalin nan ya fi nata daɗi, me nake sawa? Na ce hannu ne. Ta yi dariya, ta ce Abba ma haka yake cewa, hannun Umma ko dutse ya dafa sai an sha romo. Ta zauna kusa da ni muka kalli talabijin, kanta a kafaɗata, ba ta ce ina wari ba.

Na ƙara cokali ya zama biyu. Na fara yi da wake ma, in markaɗa shi ya yi laushi in buga man a ciki. A wurin aiki na yi ta tsokanar masu wanke-wanke har Doguwa ta ce yau an sako mana ke.

Litinin, da safe

Ban je aiki ba. Na ce musu zazzaɓi.

Jiya da la'asar na dawo daga kasuwa na tarar da ita zaune a teburin cin abinci, ta jera takardu a gabanta. Ashe ba zubar da su take ba, bayan labulen tagarta take ajiyewa. Sun bushe ƙayau. A tsakiyar kowacce akwai tabo, zagayayye, kana ganin yatsanka ta bayansa.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Ruwa bushewa yake yi, Umma. Mai ne ba ya tafiya." Ta nuna su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. "Wannan ta Lahadi ce. Ranar da kika ce ke za ki yi min ƙarya?"

Na ce don ke na yi. Na ce likita ce ta ce. Na ce dubi yadda kika fara samun ƙarfi, har dariya kin yi. Na ce man mai kyau ne, na je na tono kwalbar daga buhu na nuna mata, shinkafa na zuba a ƙasa. Ta dubi kwalbar, ta dubi bayan ƙofar kicin, ta dawo da idonta kaina.

"Shi ma haka kike sa masa bai sani ba?"

Ban mare ta ba. Hannuna ya tashi, na mayar da shi. Ta shiga banɗaki ta rufe, na ji tana ƙoƙarin amayar da abin da ta ci, na buga ƙofar har gefen hannuna ya kumbura.

Garin gyaran gira. Doguwa ta faɗa min.

Laraba, da yamma

Ta sayi 'yar tukunya da cokali da kofi nata na kanta. A ɗakinta take ajiye su, ƙarƙashin gado. In za ta dafa ganyenta sai ta jira na fita daga kicin, ta wanke murhun, ta tsaya a kan tukunyar ba ta ko juya baya. Na dafa ruwan shayi na miƙa mata, ruwa zalla, ta ce na gode, ta ajiye, ta dafa wani.

Tana gaishe ni da safe, tana min sannu da zuwa. Ladabin nan ya fi zagi ciwo.

Juma'a, da rana

An raba mai. Na fita waje na zauna kan bulo bayan kicin har aka gama.

Asabar, da safe

Ko kabejin yanzu rabi take ci. Ta ce wai tana rama na kwanakin nan.

Talata, bayan la'asar, a asibiti

Daga makaranta aka kira ni ina tsakiyar juya shinkafa. A matakala ta faɗi. Doguwa ce ta cire min rigar aiki ta tura ni cikin mota, ban san ma na fito da ludayi a hannu ba sai da direban ya ce, Hajiya, wannan fa?

An kwantar da ita, an sa mata ƙarin ruwa. Ta hana a sa sai da nas ta rantse mata babu mai a cikin ledar. Sun ce bugun zuciyarta ya yi ƙasa. Zuciya kuma. Wannan barandar ce dai, wannan bencin, har tsagewar da ke jikin bangon na gane ta.

Yaya ta zo. Ta leƙa ta ga yarinyar a kwance, hannu kamar sillen kara. Ta fito ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Na jira ta ce wani abu, na shirya mata amsa tun a mota, amsar da na yi watanni ina dafawa. Can na ji tana jan hanci.

Alhamis, da hantsi

Likitar ta kira ni ofis. Ta ce abin ya wuce maganar cokalin mai, ciwo ne mai suna, ana jinyarsa, amma yana ɗaukar lokaci, kuma a hankali za a riƙa ƙara mata abincin don jikin da ya daɗe da yunwa ba a cika shi lokaci guda. Na gaya mata abin da na yi da dankali. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, "Mama, iyaye da yawa sun yi haka. Sai dai mai wannan ciwon, in ya daina yarda da hannun da ke ba shi, aikin ya koma baya."

Sai ta ce kar a kawo abinci daga gida. Kuma lokacin cin abinci in jira a waje. Na ce dokar asibiti ce? Ta gyara takardun gabanta ta ce, "Ita ta roƙa."

Na tashi zan fita, na dawo. Na ce likita, in mutum ya shekara da shekaru yana cin abin da aka dafa da irin man nan da kika ce, wanda ya yi baƙi, shi kaɗai zai iya... Ban ƙarasa ba. Ta ce ba mai kyau ba ne, ba za ta ce min mai kyau ba ne, amma babu likitan da zai iya nuna abu ɗaya ya ce shi ne. Na yi godiya. Ba ta ɗora min ba, ba ta kuma sauke min ba.

Asabar, da azahar

Ƙofar ɗakin tana da ɗan gilashi. Na tsaya daga gefe inda ba za ta gan ni ba. An kawo mata shinkafa da dafaffen kifi da ɗan mai a ƙaramin kofi, a fili, nas ta nuna mata ta ce ga shi, ga yawansa, ke za ki zuba da hannunki. Shinkafar ta caɓe, daga nan ina gani, wanda ya dafa ta ko a wanke-wanke ba zan ɗauke shi ba.

Ta daɗe tana kallon kofin. Ta yi kuka. Nas ɗin ta zauna tana jiranta. Har ƙafata ta gaji. Sannan ta ɗauka ta zuba rabi, ta juya, ta kai baki.

Na gode wa Allah, da gaske na gode. Na kuma ji kishin matar da ta dafa caɓaɓɓiyar shinkafar nan, wadda ban san ko fuskarta ba.

Laraba, da yamma

Za a sallame ta ranar Asabar, za ta riƙa zuwa ganin likitar magana. Ta ce gidan Gwaggonta za ta zauna tukuna. Likitar ce ta gaya min, ita ba ta iya ba. Da na shiga ta juya fuska bango ta ce, "Ba don na ƙi ki ba ne, Umma." Na ce na sani. Na gyara mata bargo, ta bar ni na gyara.

Daga asibiti gidan Yaya na wuce. Rabona da gidan tun baban Auta yana raye. Na tarar da ita a kicin, na ajiye mata kwalbar man zaitun sabuwa da ba a buɗe ba. Na ce, "Yaya, a gabanta za ki buɗe. Ki ba ta cokalin ta auna da kanta. Kifi sau biyu a mako, ƙwai da gwaiduwarsa, gyaɗa in ta karɓa. In ta tambaye ki me ke ciki, ki faɗa mata duka, ko za ta ƙi ci. Kar ki yaba ramarta, kar ki ce ta yi ƙiba. Kuma ba ta son albasa ta yi yawa."

Yaya ta riƙe kwalbar da hannu biyu. Ta ce, "Ni fa ban iya girki kamarki ba." Shekara da shekaru ina jiran wannan maganar daga bakinta, yau ta zo ban da inda zan sa ta. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, na ce magariba ta yi, na fito.

Asabar, da yamma

Na kai mata kayanta. Na haɗa da rigar sanyin.

Litinin, da safe

Gidan shiru. Na tafi aiki da wuri.

Alhamis, bayan magariba

Yaya ta kira. Ta ce yau Auta ta ci ƙwai guda har da gwaiduwa, ta zuba cokalin man da kanta a kan wake, ta cinye, ba ta shiga banɗaki bayan nan ba, ita Yaya ta zauna ta kasa kunne. Ta ce an auna ta jiya, sikelin ya ɗan motsa. Na ce alhamdu lillahi. Na sa ta ta maimaita min maganar ƙwan.

Sai na ce, "Ta tambaye ni?"

Ina jin ƙarar cokali a kwano daga can ciki, da muryar talabijin. Sannan ta ce, da sauri, "Ƙwarai kuwa. Yanzun nan ma ta ce in gaishe ki."

Na san muryar Yaya in tana faɗin gaskiya, na sha ta ba sau ɗaya ba. Wannan ba ita ba ce. Tun da na shigo danginsu ba ta taɓa tausaya min har ta yi min ƙarya ba sai yau.

Na ce, "Ki ce ina amsawa."